Sarkin Yawa ko Sarkin Ƙarfi? Darasi a Kan Zaɓen Tsohuwar Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Gabatarwa

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Dawakin Tofa ne ya kawo tambayar da ta haifi wannan darasi. Shi da abokansa sun yi karo-karo daga abin da suka samu a aikin kaka, wasu a gona, wasu a kasuwar hatsi ta Dawanau, da nufin su sayi tsohuwar kwamfutar tebur su ajiye a shagon ɗayansu, ta riƙa ɗauke musu wasan Minecraft da suke yi da daddare. Ya shiga Kano, ya zaga shagunan Titin Beirut, aka nuna masa kwamfutoci biyu na hannu waɗanda kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ta farko tana ɗauke da ƙwaƙwalwa ƙirar kamfanin AMD mai suna FX-8350, wadda aka rubuta mata ƙwaya takwas da gudun gigahaz 4.0. Ta biyu kuwa irin kwamfutocin ofis ɗin nan ce da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, tana ɗauke da ƙwaƙwalwar kamfanin Intel mai suna Core i5-3470, mai ƙwaya huɗu da gudun gigahaz 3.2. Duka biyun a shekarar 2012 suka fito kasuwa.

Mai shago ya ce masa ai zancen a fili yake: takwas ta fi huɗu, 4.0 kuma ta fi 3.2, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ɗalibin bai biya ba, domin kuɗin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma in an yi kuskure sai wata kakar. Ya yi daidai da ya tsaya. A wannan darasi za mu bi waɗannan alkaluma ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowanne yake nufi, da kuma dalilin da ya sa ƙwaƙwalwar da ta fi ƙananan lambobi ita ce ta fi dacewa da wannan aiki a wannan wuri.

Aikin uwar garke

Idan mutane da yawa suna wasa ɗaya a wayoyinsu ko kwamfutocinsu, dole ne a sami na'ura guda wadda za ta riƙe gaskiyar abin da ke faruwa a cikin wasan. Ita ake kira uwar garke. Ba ta zana hoto, ba ta fitar da sauti. Aikinta shi ne ta karɓi saƙon kowane ɗan wasa, ta lissafa sakamakonsa, ta sanar da sauran. In wane ya sare itace, ita za ta tabbatar itacen ya faɗi a wayar kowa. Saboda haka ne ba ta bukatar katin hoto mai tsada. Ƙwaƙwalwa take bukata, da ma'ajiyar wucin gadi wadda masu gyara ke kira ram, da wuta wadda ba ta yankewa.

Ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri cewa ba kowane wasa ne ake iya kafa wa uwar garke a gida ba. Wasannin da matasanmu suka fi yi a waya, irin su Free Fire da PUBG Mobile da eFootball, kamfanoninsu ne ke riƙe da uwayen garkensu. Minecraft ya bambanta. Markus Persson, mutumin ƙasar Suwidin, shi ya fara fitar da shi a 2009, cikakkensa ya fito a Nuwamban 2011, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2014 a kan Dala biliyan 2.5. Manhajar uwar garkensa kyauta ake sauke ta. Akwai kuma wani wasa mai kama da shi da ake kira Luanti, wanda har zuwa 2024 ake kira Minetest, shi gaba ɗayansa kyauta ne.

To, me ya sa za a wahala da ajiye uwar garke a Dawakin Tofa alhali ana iya yin hayarta a Jamus ko Ingila? Nisa. Haske yana tafiya cikin zaren gilashi na sadarwa da gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Igiyar MainOne da ta fara aiki a 2010 ta tashi daga Legas zuwa Fotugal ta ƙarƙashin teku, tsawonta wajen kilomita 7,000. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, wato kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa, ko milisakan 70, tun ba a ƙara tafiyar Kano zuwa Legas da jiran da saƙo ke yi a kowace mahaɗa ba. Babu dabarar da za ta rage wannan a kan wannan igiya, domin saƙo ba ya wuce gudun hasken da ke cikinta. Amma in uwar garken tana cikin shago, 'yan wasa kuma suna zaune a kan benci a ƙofarsa, saƙon bai fi 'yan milisakan ba, kuma ba a ƙona data. A ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da igiyoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, mai irin wannan na'ura a gida bai rasa wasansa ba.

Yanzu ga muhimmin abin da duk darasin ya rataya a kai. Uwar garken Minecraft tana aiki ne zagaye-zagaye, zagaye 20 a kowace daƙiƙa. A cikin kowane zagaye sai ta bi duniyar wasan kaf: ta motsa kowace dabba, ta gangarar da ruwa, ta girmar da shuka, ta duba wa ya bugi wa. Idan aka raba daƙiƙa gida 20, kowane zagaye yana da milisakan 50. In ta gama lissafin a milisakan 30, sai ta huta 20 ta jira zagaye na gaba, 'yan wasa ba za su ga komai ba. In kuwa lissafin ya ci milisakan 55, babu inda za ta ranto biyar ɗin. Zagayen zai koma 18 a daƙiƙa, komai ya riƙa jan ƙafa, yinin wasan da ya kamata ya ɗauki minti 20 ya koma 22. Tambayar da ke gabanmu ke nan: wace ƙwaƙwalwa ce za ta gama zagaye kafin milisakan 50 su cika?

Bugun agogo da girman mudu

A cikin kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta akwai agogo mai bugawa, kuma da kowane bugu take ɗaga ƙafa. Gigahaz ɗaya na nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa. Ƙwaƙwalwar farko da Intel ya sayar, mai lamba 4004, a 1971 ta fito, da taransisto 2,300 da bugu 740,000 a daƙiƙa. Daga nan aka shiga tsere. AMD ya kai gigahaz ɗaya a watan Maris na 2000, Intel kuma ya kai Pentium 4 zuwa gigahaz 3.8 a ƙarshen 2004. A nan tseren ya ci birki, saboda zafi. Ƙara yawan bugu yana bukatar ƙara ƙarfin lantarki, zafin da ake fitarwa kuma yana hawa ne da murabba'in wannan ƙarfi, ga shi kuma yana hawa da yawan bugun kansa. Daga 2005 sai kamfanonin suka sauya dabara, suka koma jera ƙwayoyi biyu, huɗu, har takwas a kan ɓallin siliki guda, kowace ƙwaya tana iya bin nata layin lissafi.

Sai dai yawan bugu rabin labari ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin awo a Dawanau ya san cewa saurin hannun ma'auni ba shi kaɗai ne ke cika buhu ba, har da girman kwanon da ke hannunsa. Wanda ke zuba ƙaramin mudu sau 40 a minti, wanda ke zuba tiya sau 32 zai riga shi ɗaure baki. Haka ƙwaƙwalwa take: aikin da ta yi a daƙiƙa shi ne yawan bugu sau yawan umarnin da take kammalawa a kowane bugu. Lamba ta farko ita ake rubutawa a kwali, ta biyun kuwa ba a rubuta ta, domin tana sauyawa daga manhaja zuwa manhaja.

FX-8350 tana bugawa biliyan 4.0, takan kuma haura zuwa 4.2 in aiki bai yi yawa ba. Core i5-3470 tana bugawa biliyan 3.2, takan haura zuwa 3.6. Amma kwanon i5 ya fi girma nesa ba kusa ba. Gwaje-gwajen da aka yi wa ƙwaƙwalen biyu tun fitowarsu sun nuna cewa in aikin ƙwaya ɗaya ake aunawa, i5 ce a gaba, da ratar da kan kama daga kashi ɗaya cikin biyar zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, gwargwadon manhajar da aka yi awon da ita. Mu ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu don sauƙin lissafi. Zagayen da ya ci wa FX milisakan 55, i5 za ta gama shi a 44. Ratar ba ta da yawa a ido, amma ɗaya tana wannan gefe na 50, ɗaya tana wancan.

Mata takwas, turmi huɗu

Saura batun takwas da huɗu, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalin mai saye. A nan akwai abu biyu, kuma gara a rarrabe su.

Na farko, takwas ɗin FX ba cikakkun takwas ba ne kamar yadda kunne ke ji. Tsarin da AMD ya fito da shi a 2011 da sunan Bulldozer, wanda aka gyara shi a 2012 aka kira shi Piledriver, ya haɗa ƙwayoyi bibbiyu ne a ɗaki ɗaya. Kowace ƙwaya tana da nata sashen lissafin cikakkun lambobi, amma su biyun suna tarayya a ƙofar da umarni ke shigowa a fassara shi, da rumbun ajiya na kusa, da kuma sashen lissafin lambobi masu ɗigo, irin su 3.75 ko 0.02. Misalinsu kamar mata takwas ne da aka ba su taɓare takwas da turmi huɗu. Mata biyu a turmi ɗaya sun fi mace ɗaya ɓarzar hatsi, wanda ya ga lugude ya san haka, amma ba su kai mata biyu masu turmi biyu ba. Wannan zance har kotu ya je a Amurka, inda masu saye suka yi ƙarar cewa an ruɗe su da kalmar ƙwaya takwas. A 2019 AMD ya amince ya biya Dala miliyan 12.1 a kashe maganar, ba tare da ya karɓi laifi ba. Ita kuwa i5-3470, ƙwayoyinta huɗu ne, kowace da turminta.

Na biyu shi ne ya fi nauyi, kuma da a ce takwas ɗin cikakku ne ma, da bai sauya ba.

Rijiya ba ta karɓar gayya

A ƙasar Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, kowa ya san amfanin gayya. Noman da mutum ɗaya zai kwana takwas yana yi, mutum takwas sa gama shi a yini, domin kowa ya kama kunyarsa, ba mai jiran wani. Amma a gayyato mutanen nan takwas haƙar rijiya. Mutum ɗaya ne zai shiga ƙasa da diga, domin ramin ba ya ɗaukar biyu, kuma ba a haƙa gaba ta biyar sai an gama ta huɗu. Sauran za su ja guga, su kwashe ƙasa, su miƙa ruwan sha. In an ƙaro wasu goma, inuwa za su nema su zauna.

Ayyukan kwamfuta ma haka suka kasu. Akwai masu kama da noma, kamar matse bidiyo ko harhaɗa hoto mai siffar zahiri, waɗanda ake yankawa gunduwa-gunduwa a raba wa ƙwayoyi. A irin waɗannan FX-8350 ta fi i5-3470, kuma ba a musun wannan. Akwai kuma masu kama da rijiya, waɗanda mataki na biyu ke jiran sakamakon na farko. Zagayen wasa yawancinsa rijiya ne. Ba za a san ko kibiya ta sami tunkiya ba sai an san inda tunkiyar ta matsa, ba kuma za a san inda ta matsa ba sai an san ko shingen da ke gabanta yana nan ko an cire. Don kada lissafi ya ci karo da juna, masu rubuta Minecraft sun ɗora babban zagayen a kan layin aiki guda, wanda ƙwaya ɗaya ce ke jan sa. Sauran ƙwayoyin suna samun aikin jan guga: aika saƙonni, ƙirƙiro sabuwar ƙasa in ɗan wasa ya nausa daji, rubuta ajiya, share ram.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Gene Amdahl ya bayyana wannan ƙa'ida a 1967, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Bari mu gwada ta da alkaluma na misali. A ce aiki na ɗaukar minti 100 a hannun mutum ɗaya, 70 daga ciki haƙa ne wanda ba ya rabuwa, 30 kuma kwasar ƙasa ce wadda ake iya rabawa. In mutum huɗu ne, 30 ɗin ta koma 7.5, jimla minti 77.5. In takwas ne, ta koma 3.75, jimla 73.75. An ninka ma'aikata, an sami ragin da bai kai minti huɗu ba. Ko mutum dubu aka tara, ba za a sauka ƙasa da 70 ba. To, yanzu a bar su su huɗu, amma a zaɓo waɗanda suka fi sauri da kashi ɗaya cikin huɗu. Haƙar ta koma minti 56, kwasar ƙasa ta koma 6, jimla 62. Huɗu masu ƙarfi sun riga takwas da kusan minti 12.

Wannan shi ne amsar tambayar ɗalibinmu ta fuskar gudu. Ban ce mai shagon ƙarya ya yi ba. Abin da ke jikin kwali ya karanta, karin maganar da ya kawo kuma gaskiya ce a gona. Inda FX za ta yi rana shi ne in ana son kafa uwayen garke da yawa a na'ura ɗaya, a ce wasa uku ko huɗu daban-daban a lokaci guda, domin a nan rijiyoyi ne da yawa, kowace da mahaƙinta. Samari goma sha wani abu masu duniya ɗaya ba su da wannan bukata.

Wuta da zafi

Da a Landan ake wannan zaɓe, da mun kusa rufe darasi. A Dawakin Tofa kuwa yanzu aka zo wurin da kuɗi ke zuba.

Kowace ƙwaƙwalwa ana rubuta mata adadin zafin da ake sa ran za ta fitar in tana cikin aiki sosai, domin a san irin fankar da za a ɗora mata. Na FX-8350 wat 125 ne, na i5-3470 kuma wat 77. Wani ɓangare na bambancin daga ƙira yake: taransistocin FX biliyan 1.2 an sassaƙa su ne da ma'aunin nanomita 32, na i5 kuwa biliyan 1.4 da ma'aunin nanomita 22, ƙarami kuma ya fi tsimin wuta. Sai mai karatu ya kula, wannan lamba ba ita ce abin da mita za ta ƙirga ba. Na'ura in tana hutawa takan ci ƙasa da haka sosai, ga kuma sauran sassa kowanne da cinsa. Amma akwai wani ƙarin nauyi a wuyan FX: ba ta da sashen nuna hoto a cikinta, don haka galibi sai an soka mata katin hoto, wanda zai riƙa shan wuta dare da rana ba tare da yana yi wa uwar garke komai ba. Ita i5-3470 da nata a ciki.

Mu yi lissafi da ratar wat 48 da ke tsakanin lambobin biyu, a matsayin misali. A awa 24, wat 48 ya zama yunit 1.15 na mita. A wata, yunit 34 da rabi. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta kai kuɗin yunit zuwa Naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a yini. A wannan farashi ratar kaɗai ta kusa Naira 7,800 a wata. Amma mutumin karkara ba wannan ne lissafinsa ba. Shi da batir yake aune. Tun da aka janye tallafin fetur a 29 ga Mayu, 2023, kunna janareto domin wasa ya zama abin da ba mai hankalin da zai yi, kuma a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Sola da batir su ne madogara.

Batirin mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. In irin na darma ne, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600 ke nan, inbata ma za ta ci nata kaso wajen juya wutar. A ce na'ura ɗaya gaba ɗayanta tana jan wat 60 lokacin wasa, ɗayar kuma 120. Ta farko za ta kusa awa goma, ta biyu ba za ta cika biyar ba. In an fara bayan sallar isha'i, ɗaya za ta kai asuba da sauran ƙarfi, ɗaya kuwa za ta mutu tsakar dare, sai dai a sayi batir na biyu, wanda kuɗinsa kan iya fin na kwamfutar kanta. Yankewar wuta ba zato kuma ba ƙaramin abu ba ne ga uwar garke. Minecraft yana rubuta ajiyarsa ne duk bayan minti biyar, in wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, wani yanki na duniyar da aka yi watanni ana ginawa yana iya lalacewa.

Duk wat ɗin da ya shiga na'ura, zafi yake komawa, sai kuma an fitar da shi. A nan ma akwai lissafi mai daɗi. AMD ya ƙayyade wa FX-8350 kimanin digiri 61 a ma'aunin Salshiyas, Intel kuma ya ƙayyade wa murfin i5-3470 kimanin 67. Zafi ba ya gudana sai daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kamar yadda ruwa ba ya gangara sai da tudu. A ɗakin Turai mai digiri 21, FX tana da gangaren digiri 40. A shagon kwano a ƙasar Kano cikin watan Afrilu, inda iska kan kai digiri 40, gangaren ya koma 21, ta nan kuma za a tura wat 125. Ita i5 tana da gangaren 27, da wat 77 kacal. In aka raba, kowane digiri na gangaren FX zai ɗauki kusan wat 6, na i5 kuwa bai kai 3 ba. Ma'ana, FX tana bukatar abin sanyaya da ya ninka na i5 nagarta kafin su yi daidai. In ba ta samu ba, sai ita ko babban allon da take zaune a kai, wanda masu gyara ke kira bod, su rage gudu don kare kansu, gigahaz 4.0 ɗin da aka saya ya zama na takarda. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke toshe haƙoran ƙarfen tsotse zafi cikin 'yan makonni. Fankar da ta fi jan iska ita ta fi jan ƙura.

Abin da su biyun suka yi tarayya a kai

Tsufa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma bai amince da ko ɗaya daga cikinsu ba, domin a ɓangaren Intel daga zuriya ta takwas ya fara, i5-3470 kuwa ta uku ce. (A ƙwaƙwalen tebur masu lamba huɗu irin wannan, lambar farko bayan karan tsakiya ita ke nuna zuriya. Mai saye ya riƙe wannan, don kada a ce masa i7 kawai ya miƙa kuɗi. Akwai i7 ta zuriyar farko wadda i5 ɗin nan ta fi.) Wannan ba matsala ba ce ga uwar garke, domin babbar manhajar Linux, irin su Debian ko Ubuntu, kyauta ce, tana karɓarsu, kuma in an girka ta ba tare da tagogi da hotuna ba ta fi barin ram ga wasan. Dukansu ram nau'in DDR3 suke amfani da shi. Gigabayit takwas zai ɗauki ƙaramin rukuni. Kujerunsu kuwa daban ne, FX a kan AM3+ take zama, i5 a kan LGA 1155, don haka ba a cire ɗaya a dasa a gurbin ɗaya. Wanda ya zaɓi ƙwaƙwalwa ya zaɓi bod ke nan. Kujerar i5 ɗin tana karɓar i7-3770, in wata rana an so ƙari.

Sai wani tarko da ba ruwansa da ƙwaƙwalwa. Waɗanda ke zaune kusa da shagon za su shiga ta rauta ba wahala. Amma abokin da ke Bichi ko Zariya ba lalle ya iya shigowa ba, domin kamfanonin waya kan haɗa dubban masu layi a bayan adireshin intanet guda, ta yadda saƙo daga waje ba ya sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Akwai manhajojin da ke haƙa hanya ta bayan gida don warware wannan, sai dai wasu daga cikinsu kan bi da saƙon ta wata ƙasa, nisan da aka gudu ya dawo. Sannan nau'in Minecraft na waya da na kwamfuta ba harshe ɗaya suke ji ba, sai an kafa uwar garken da ta dace da wayoyi, ko a sa manhajar tafinta mai suna Geyser a tsakani.

Gwaji kafin biya

Na shawarci ɗalibin ya ɗauki mai i5, amma kada ya biya sai ya gwada, domin na'urar da ta haura shekara goma tarihinta ya fi sunanta muhimmanci. A buɗe murfi a duba bod, in an ga kan wasu ƙananan gwangwanaye ya kumbura ko yana tsatsafo da tsatsa, a bar ta. A kunna ta a ɗora mata aiki na rabin awa ana kallon ma'aunin zafi. A sa a goge busasshen man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen tsotse zafi a shafa sabo. In da hali a sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da irin wanda ba ya motsi, wato SSD, ya fi sauri, ya kuma fi tsimin wuta.

Wanda ke son ya ga darasin nan da idonsa, akwai ƙaramar mita da ake sokawa tsakanin soket da filogi, tana nuna wat nawa na'ura ke ja. Ya auna tana hutawa, ya auna ana wasa. Nau'in Minecraft na kwamfuta, daga fitowar ƙarshen 2023, yana da umarnin /tick query, wanda ke faɗin milisakan nawa zagaye ke ci. Ya rubuta lambar da mutum biyu a ciki, ya sake rubutawa da mutum goma, sannan ya sa a tara shanu ɗari biyu a garke ɗaya cikin wasan ya sake dubawa. A lokaci guda ya buɗe allon da ke nuna aikin kowace ƙwaya, ya ƙirga guda nawa ne suka cika, guda nawa kuma ke zaune a inuwa.